Na sayi Camry a wajen wani dila a Legas ta waya, ga yadda ta iso Kano da yadda muka kwashe da su

Salam jama'a. Wannan rubutun a kan wani kamfanin sayar da motocin beljiyom ne, wato na hannu da ake shigowa da su daga ƙasashen waje, da ke Legas, wajen Berger ta ɓangaren Apapa, irin waɗanda kullum kuke cin karo da tallarsu da Hausa a Facebook da TikTok suna cewa duk inda kake a Arewa za su kawo maka mota har ƙofar gida. Ba zan kama sunansu ba don maganarmu da su ba ta mutu ba har yanzu, akwai manya a ciki. Amma in maki ake bayarwa biyu cikin biyar zan ba su, kuma biyun nan ma saboda injin motar da takardun kwastan ne kawai, sauran duk abin da ya shafi kawo mota da amsa ƙorafi bayan kuɗi sun shiga hannunsu wallahi ba su ci ko ɗaya ba.

Mutane da yawa suna tambaya me zai kai mutum sayen mota a Legas alhali ga dilolin Kano nan cike da motoci. Amsar a fili take, farashi. Tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a watan Janairun 2017 harkar Kwatano da muka sani ta durƙushe, da can mutum ya tafi Kwatano ya zaɓi motarsa a biyo da ita ta Nijar, ta Maraɗi ta faɗo Jibiya, ko ya ba wani amintaccensa sautu. Yanzu mota mai cikakkun takardu ta tashoshin jirgin ruwan Legas take fitowa, Tin Can da Apapa, shi ma dilan Kano can yake zuwa ya saro ya ɗora kuɗin kawowa da ribarsa. To idan ka samu wanda zai sayar maka kai tsaye daga can kuma Bahaushe ɗan uwanka ne, kuna magana da harshe ɗaya, yana ce maka ranka ya daɗe amana ce tsakaninmu, dole hankalinka ya karkata.

Motar Toyota Camry ce ta 2013, ruwan toka, mai silinda huɗu, daga Amurka aka shigo da ita. Ciniki ya faɗa a kan miliyan 12 da wani abu. Kafin in tura ko sisi sai da yaron da ke kula da kwastomominsu ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp ya zagaya da ni motar, ya buɗe bonet, ya buɗe but, ya tayar da ita na ji ƙarar inji, ya nuna min dashbod babu wata fitila da ta tsaya a kunne, na sa ya matso da waya kan lambar tafiya na ɗauki hotonta. Na tambaye shi da bakina, an taɓa yin hatsari da ita? ya ce Alhaji wannan fentin kamfani ne ko ƙwarzane babu, in ka ga fila (abin da masu gyaran jikin mota ke cike lotsewa da shi kafin fenti) a jikinta ka dawo mana da ita. Maganar nan tana nan a muryar da ya turo min, ban goge ba. Sannan na roƙi wani ɗan ƙanin babana da ke kasuwanci a Agege ya je ya gan ta ido da ido, ya je ya zauna a ciki ya kunna AC ya ce min yaya mota kam ta yi, sanyi kamar me. Shi ya karɓo min hoton takardun kwastan, na ba wani abokina da ke aikin fito da kaya ya duba lambar ya tabbatar min an biya kuɗin fito da gaske kuma lambar jikin motar, wato VIN mai harafi da lamba 17, ta yi daidai da ta takarda. Wannan ɓangaren ban da abin cewa a kansu, kuma ba ƙaramin abu ba ne, duk wanda kwastan suka taɓa tsarewa a hanya kan takardun bogi ya san abin da nake nufi.

Inda matsala ta faro shi ne wajen kawowa. Sun ba ni zaɓi biyu, ko a ba direba ya tuƙo ta, ko a ɗora ta a keriya, wato tirelar nan mai hawa biyu da ke ɗaukar motoci. Direba ya fi araha kuma ya fi sauri, keriya ta fi tsada kuma sai ta cika take tashi. Na zaɓi keriya don na san hanyar nan, daga Ilori zuwa Jabba zuwa Mokwa, sannan Bida, Agaie, Lapai har Lambata, tireloli da tankoki sun gama cinye kwaltar, ga direbobi a lokacin ba sa son bi ta Birnin Gwari saboda matsalar tsaro. Ba na son mota mai ƙasa-ƙasa irin Camry ta sha wannan dukan tun kafin in ɗora hannuna a sitiyarinta. Na tura musu N380,000 na keriya, cikin asusun kamfanin, wannan asusun dai da na tura kuɗin mota. Ku riƙe wannan, don a kansa duk rigimar ta tsaya.

Ranar da motar za ta iso wani direba ya kira ni da sassafe wai yana Kwanar Dangora in faɗa masa inda zai same ni. Na ce a ina keriyar za ta sauke, ya ɗan yi jim ya ce ai shi aka ba ya ƙaraso da ita. Da ya iso ƙofar gida abin da na fara gani gilashin gaba ne, tsagewa ta taso daga ƙasa ta ɓangaren mai zaman banza ta yi sama kusan kamu biyu, da ɗan tabon inda dutse ya buga. Na sunkuya gaban motar, bambar ta tsage daga ƙasa an huda ta an ɗaure da wayar ƙarfe irin ta ɗaurin rodi, robar da ke rufe ƙarƙashin inji babu ita gaba ɗaya sai kusoshinta biyu da guntun roba a maƙale. Jar ƙasa ta cika cikin rim da bayan tayoyi har ta bushe ta yi ɓawo. A kujerar baya akwai tabon manja mai faɗin faranti, cikin but kuma warin busasshen kifi da ɓawon albasa a lungu. Na kunna motar na duba lambar tafiya na buɗe hoton da na ɗauka ranar bidiyo, an ƙara mil 700 da 'yan kai. Motar Amurka da mil take lissafi, in ka juya shi kilomita ya haura 1,100, tafiyar Legas zuwa Kano ke nan cif. Motar da aka ɗora a keriya ba ta ƙara ko mil goma.

Direban bai yi min gardama ba, kuma ni har yanzu ban ga laifinsa kamar na waɗanda suka ba shi ba. Dattijo ne, ya ce Alhaji ni ban san da maganar keriya ba, da daddare aka kira ni aka ba ni makulli da kuɗin mai, abin da aka ba ni ko mai bai isa ba shi ya sa na ɗauki fasinja uku da ɗan kaya zuwa Kaduna, haka kowa yake yi. Ya ce gilashin wata tirela ce ta fallo dutse bayan Mokwa, bambar kuma wani rami ne da ruwa ya rufe cikin dare. Na ce ya tsaya in ɗauki bayaninsa a waya, ya yarda, na ɗauka. Ban sa hannu a komai ba don babu ma takardar da aka haɗo shi da ita, ba takardar miƙa mota, ba jerin abin da ke cikinta, ba hoton yadda take lokacin da ta bar garejinsu. Mota ta miliyoyin naira aka damƙa wa mutum cikin dare kamar an ba shi saƙon goro.

A ranar na kai ta wajen makanikena. Muna hanya fitilar inji ta kama, AC kuma iska kawai yake hurowa babu sanyi. Ya ɗora ta a rami ya shiga da tocila, ya kira ni ya ce Alhaji sauko ka gani da idonka. Kondensar AC ta lanƙwashe daga ƙasa inda bambar ta bugu gas ya zube, wannan na hanya ne ba musu. Amma abin da ya nuna min a jikin salansa shi ya tayar min da hankali, wajen tukunyar nan da makanikai ke kira indomi, mai tace hayaƙi, akwai sabon walda zagaye da ita, ƙarfen wajen ya yi shuɗi-shuɗi na zafin wuta ko tsatsa bai fara ba, ya ƙwanƙwasa ta da sifana ta yi ƙara irin ta gwangwanin da babu komai a ciki. An yanka an kwashe abin ciki an mayar an like. Ya sa kwamfuta ta nuna P0420, ya ce wannan lambar ita ce ke fitowa idan indomi ya mutu ko an cire shi. Ga wanda bai sani ba, abin da ke cikin tukunyar nan yana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, akwai masu saye, shi ya sa ake sace shi. A bidiyon da aka yi min fitilar inji ba ta kunne. To ko an cire a garejinsu bayan na biya aka goge lambar da kwamfuta, ko an cire a hanya, ni dai abu ɗaya na sani, a lokacin motar ba ta hannuna.

Sai na ukun. Mai fentin da ke kusa da garejin ya zo wucewa ya tsaya yana kallon ƙofar baya ta dama, ya ce wannan ƙofar an taɓa ta. Ya ɗauko ɗan maganaɗisu ya manna a ƙofar gaba ya kama, ya manna a ta baya wajen ƙasa ya zame ya faɗi, ya ce fila ce a nan mai kauri. Ya ɗaga robar bakin ƙofa ya nuna min inda sabon fenti ya tsaya tsohon ya ci gaba. Da na koma gida ɗana ya sa lambar VIN a intanet sai ga hotunan motar a filin gwanjon Copart a Amurka, ƙofar baya ta dama a lotse har zuwa saman taya. Yawancin motocin da ake kawo mana daga Amurka daga irin wannan gwanjon na Copart da IAAI suke, waɗanda kamfanonin inshora suka biya masu su suka sayar, kowa a harkar ya sani kuma ni ba na ƙin motar da aka gyara in an gyara da kyau, kuɗinta ne dai ba ɗaya ba da wadda ba a taɓa ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne na yi tambaya aka ce min fentin kamfani ne. Wanda ya sayo ta a gwanjo ya ga hotunan nan kafin ya biya, shi ya kai ta wajen mai gyaran jiki a Legas, ba zai ce bai sani ba.

Yanzu ga yadda suka karɓi ƙorafi, wanda shi ne ainihin dalilin rubutun nan, don lalacewa a hanya tana iya samun kowa, halin mai sayarwa a bayanta ake gani.

Yaron da kafin in biya ko ƙarfe goma sha ɗayan dare na yi masa magana yake amsawa, na tura masa hotuna da bidiyo ya buɗe ya yi shiru. Da ya amsa sai ya ce subhanallahi Alhaji bari in yi wa oga magana. Daga nan sai oga ya yi tafiya, oga yana tashar jirgin ruwa, oga yana miting. Da na matsa sai labari ya canza, wai keriyar ce ta lalace a Ibadan shi ya sa aka sauke aka ba direba don kar in gaji da jira. Na ce to daga Legas zuwa Ibadan a keriya ta zo ke nan, me ya sa lambar tafiya ta nuna tafiyar Legas zuwa Kano gaba ɗaya, kuma me ya sa direban ya ce a garejinku aka ba shi makulli, kuma in ma haka ne wa ya kira ni ya nemi izinina? Ba amsa. Can sai ya turo min hoton rasit ɗina da aka ja layi a ƙarƙashin wani ƙaramin rubutu na Turanci da ke cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su. Rasit ɗin da sai bayan kuɗina sun shiga aka turo min shi.

Da na samu mai kamfanin da kansa a waya ya yi min magana cikin mutunci, ba zan yi masa ƙarya ba, bai ɗaga murya ba. Amma abin da ya faɗa ya fi zagi ciwo. Ya ce Alhaji mu mota muke sayarwa ba mu da keriya ba mu da direba, taimaka maka kawai muka yi muka haɗa ka da masu kawowa, da zarar mota ta fita daga get ɗinmu ta zama taka, abin da ya same ta a hanya ƙaddara ce sai haƙuri. Na ce ranka ya daɗe ban ƙi ƙaddara ba, amma ni ban san direban nan ba, ban zaɓe shi ba, ban yi ciniki da shi ba, ban biya shi ba, ku na biya, a asusunku, kuma keriya na biya. In taimako ne me ya sa ba ku ba ni lambar mai keriya na yi ciniki da shi da kaina ba? Kuma a tallarku da bakinku kuke cewa har ƙofar gida. Ya ce ai wannan talla ce. Wallahi haka ya ce.

Nan ne nake ganin duk masu sayen mota daga nesa suke faɗawa rami. Tsakanin get ɗin dila da ƙofar gidanka akwai tafiyar sama da kilomita dubu da babu wanda ya yarda motar tana wuyansa. Dila ya ce ta bar hannunsa, direba ba shi da abin da zai biya ka ko ka kai shi gaban alƙali, inshorar dole da ake yanka ta N15,000 tun 2023 ta wanda ka buga ce ba ta taɓa gyara maka taka motar, kai kuma da ka biya kana can gida kana jiran waya. Akwai inshorar kaya a hanya, kamfanonin inshora suna yin ta, na tambayi mai kamfanin motocin ko sun taɓa yi wa motocin da suke turawa Arewa ya ce ba wanda ya taɓa nema. To ku da kuke tura motoci kullum ku ne ya kamata ku faɗa wa mai saye akwai ta, ya ga dama ya biya ya ga dama ya bari.

Kan maganar fila kuwa cewa ya yi beljiyom ai ba sabuwa ba ce, wanda ke son wadda ba a taɓa ba ya je ya ciro a leda. Na tura masa muryar yaronsa yana cewa fentin kamfani ne in ka ga fila ka dawo da ita. Ya ce yaro ne bai san mota ba. Yaron da ya san ya karɓi miliyan 12 a madadinku amma bai san mota ba. Indomi kuma ya rantse ba a garejinsu aka cire ba, direba ma ya rantse, kowa ya rantse, tukunya dai ga ta nan wayam.

Na je na samu wani malaminmu na unguwa da ke karantar da fiƙihu don in san matsayina kafin in ci gaba, kar in nemi abin da ba haƙƙina ba. Ya ce a mazhabar Malikiyya ya halatta a sayar da abin da ba ya wurin bisa siffantawa, amma in ya zo ba yadda aka siffanta ba mai saye yana da zaɓi, haka in aka samu tsohon aibi da mai sayarwa ya ɓoye. Ya ƙara da cewa irin wannan kayan da ake ɗauka daga wuri zuwa wuri asali lamuninsa yana kan mai sayarwa har sai mai saye ya karɓa, sai dai in an yi sharaɗin akasin haka tun wajen ciniki, mu kuma ba mu yi ba. Ta ɓangaren dokar ƙasa ma wani lauya abokin aikina ya nuna min dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, a ciki akwai haƙƙin mayar da kayan da mutum bai samu damar dubawa ba kafin a kawo masa idan suka saɓa da yadda aka bayyana su, kuma ya ce rubuta ba a dawowa da kaya a gindin rasit ba ya goge wannan haƙƙin. Ya kuma ce akwai kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi, Legas ta fara tata a 2018 Kano ma tana da ita, ba sai da lauya ba. Damuwar ita ce nisa, su suna Legas ni ina Kano, kuma na tabbata da wannan nisan suke taƙama, sun san mutum zai lissafa kuɗin jirgi da masauki da barin aikinsa ya ce a bar wa Allah.

Ban bar shi ba. Ɗan uwan nan nawa na Agege ya kai maganar wajen dattawan ƙungiyar masu sayar da motoci na wajen, ya kai musu hoton lambar tafiya na kafin da na bayan, da shedar tura kuɗin keriya, da bayanin direba, da muryar yaron. Allah ya saka wa dattawan nan da alheri, sun kira mai kamfanin sun zaunar da shi, ɗaya daga cikinsu ya kira ni a gabansa ya sa a sifika ya ce Malam faɗi abin da kake nema. Na ce abu huɗu, kuɗin keriyar da ba a hau ba, gyaran abin da ya lalace a hanya, indomi, da ragin kuɗi kan hatsarin da aka ɓoye min, in kuma ba za su iya ba su karɓi motarsu su ba ni kuɗina. A nan ne fa mutumin da ya ce ba ruwansa da abin da ya faru a hanya ya yarda cewa yaransa ne suka ba direba motar suka riƙe bambancin kuɗin, wai bai sani ba sai daga baya.

Abin da aka samu zuwa yanzu, sun dawo min da bambancin kuɗin keriya da na direba, ba duka N380,000 ɗin ba, wai ai an kawo motar ko ta yaya. Sun biya gilashin gaba da bamba. Kondensa sun ce mu raba biyu na ƙi, daga baya suka biya. Kuɗin ma a gutsuttsure suka riƙa turowa, sai ɗan uwana ya je ya tsaya musu a gareji sannan a ga alat. Na sayi kayan a Kofar Ruwa makanikena ya ɗaura, gilashin da na samu ba irin na kamfani ba ne amma ya zauna daidai ba ya yoyo. Indomi da maganar fila kuwa har yau suna kan bakansu, na farko wai ba hujjar a hannunsu aka cire, na biyu wai na riga na hau motar. Ina hawanta mana, na sayar da tsohuwar motata na haɗa na biya su, da me zan kai yara makaranta?

Don adalci, motar kanta ba ta da laifi a inji da giya. Ba ta cin baƙin mai, ba ta zafi, giya tana shiga lafiya ba fizga, ƙafafunta ma duk da dukan da suka sha shokozoba ɗaya kawai aka canza. Mai fentin ya ce gyaran ƙofar an yi shi da kyau kuma bugun bai taɓa ginshiƙin tsakiya ba. Da sun gaya min gaskiya tun farko suka rage min wani abu zan iya saye da hannu bibbiyu, kuma da yanzu ina nan ina turo musu 'yan uwa. Amma warin hayaƙinta yanzu daban yake, in ka tsaya a bayanta yana shiga ido, fitilar inji kuma tana nan a kunne kullum, wanda ke nufin ko wata matsalar ta taso daban ba zan gane ba tunda fitilar dama a kunne take. Wani ya ce in sa a yi mata dabara a kashe fitilar, na ce a'a, indomi na biya kuɗinsa a cikin kuɗin mota, shi nake so a mayar.

Masu turo min saƙo suna tambaya ko su saya a wajen irin waɗannan kamfanonin, ni ba zan ce kowane dilan Legas haka yake ba, na san mutanen da aka kawo musu mota lafiya lau. Amma wannan kamfanin dai ba zan tura kowa wajensu ba in ba zai je da ƙafarsa ya tsaya a kan motarsa ba. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, to in dole ta sa sai an yi, ka sa lambar VIN a intanet kafin ka tura kafin alƙalami, ka biya makaniken da ba ruwansa da dilan ya shiga ƙarƙashinta ya ɗauki hoton salansa da tukunyar indomi, ka riƙe wani kaso na kuɗin sai mota ta iso ka duba, in sun ƙi yarda da wannan ka san da wa kake ciniki. A rubuta a WhatsApp ƙarara wa ke da alhakin motar har ta iso, kuma in keriya ce a turo maka bidiyonta a kan keriyar da lambar tirelar da lambar wayar direbanta, ka kira shi da kanka. Hoton lambar tafiyar nan da na ɗauka shi ya tsaya min a gaban dattawa, ba don shi ba da maganata ce kawai da tasu.

Dattawan sun sa mana wani zaman bayan mai kamfanin ya dawo daga tafiyar da aka ce ya yi. Na riga na haɗa takarduna na shigar da ƙorafi a FCCPC, na kuma faɗa musu da bakina cewa na shigar don kar su ce na yi musu bayan fage. In suka biya indomi suka yi ragin da ya dace kan ƙofar zan dawo nan in rubuta cewa sun biya, in ƙara musu maki. In ba su biya ba kotu za ta raba mu, ko nawa ne kuɗin zuwa Legas zan je.